Gonar maƙwabci ko motar haƙa: wanne mai ramin yashi zai fara saya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ramin yashi a wata gona da na gada a ƙasar Wudil, ba ta cika hekta biyu ba, tsakaninta da kogi kamar tafiyar minti goma ce a ƙafa. Shekara uku ke nan muna ɗiba da shebur, 'yan lodi goma sha biyu nake da su, ranar da kasuwa ta yi kyau mukan fitar da tifa takwas. A ƙasan yashin muna tarar da tsakuwa, amma ba ma sayar da ita daban. Yanzu maƙwabcina zai sayar da gonarsa mai hekta uku, ga kuma wani ya yi min tayin motar haƙa ta hannu. Kuɗina ba za su isa duka biyun ba. Wanne zan fara? Sannan takardar dagaci da rasit ɗin ƙaramar hukuma da ke hannuna sun wadatar?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a nema. Idan na fahimce ka, abu biyu kake so ka sani: inda za ka sa kuɗin da ba za su rabu biyu ba, da kuma ko takardunka za su tsaya maka ranar da hukuma ta zo. Amma akwai tambaya ta uku da ba ka yi ba, alhali ita ce za ta warware ta farko: yashi nawa ya rage a ƙarƙashin gonarka, nawa ne kuma a ƙarƙashin ta maƙwabcinka? Na daɗe ina aikin awo da tsara ramukan yashi da tsakuwa da marmara a Kano da Jigawa da Kaduna, kuma cikin waɗanda suka zo min da maganar faɗaɗa rami, ƙalilan ne suka zo da wannan amsar. Yawancinsu abin da suka sani shi ne jiya an ɗiba, yau ma an ɗiba. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka biya kuɗin ko ɗaya tukuna. Ka fara kashe ɗan abin da bai taka kara ya karya ba wajen sanin abin da ke ƙasa.

Irin ƙasar da kake kai

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa ne kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya gangara ya zama kogin Haɗeja. Yashi mai kaushi da masu bulo da masu kankare ke so, daga duwatsun yamma da kudancin Kano ruwa ya niƙo shi ya kawo. Kogi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A tsawon zamani yakan sauya hanya, ya bar yashi da tsakuwa a tsohuwar hanyarsa, daga baya ƙasa ta rufe, mutane su yi gona a kai. Tunda ka ce kana tarar da tsakuwa a ƙasan yashi, kuma kana kusa da kogi haka, na fi kyautata zaton a kan irin wannan tsohuwar hanyar kake.

Ga inda matsalar take. Tsohuwar hanyar ruwa siririya ce, tana karkace-karkace kamar maciji, ba ta san iyakar gona ba. Tana iya bi ta tsakiyar gonarka ta kauce wa ta maƙwabcinka gaba ɗaya, ko ta ɗan shafi kusurwarta kawai, sauran duk yumɓu ne. Ta wani ɓangaren kuma, idan ka nausa gabas ƙasa tana komawa jigawa, wato rairayin da iska ta tara. Shi wannan laushi gare shi, ƙwayarsa ƙanana ce kuma sulɓi gare ta, ya yi wa mai ciko da wasu masu fulasta, amma yana shan siminti kuma ba ya ba kankare ƙarfi. Gonaki biyu na iya haɗa iyaka, ɗaya yashin kogi, ɗaya rairayi.

Ka kuma riƙe wannan: yashin gona ba ya dawowa. Ko na cikin kogin ma ba ya dawowa kamar da, domin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma yi ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, yashi mai yawa da ruwa ke ɗaukowa daga sama yana kwanciya ne a bayan madatsun. Abin da ke ƙarƙashin gonarka kamar hatsin rumbu ne da ba za a sake zuba wani a kai ba.

Gwaji kafin ciniki

Ka je wa maƙwabcinka da magana a fili, a gaban shaidu: kana son gonar, amma ka nemi izinin haƙa ramukan gwaji, za ka kuma mayar da ƙasa ka biya abin da ka ɓata. Idan yana gaggawa, ka ba da ɗan kafin alƙalami bisa sharaɗin ciniki zai tabbata ne bayan gwaji. A hekta uku ina so a yi rami kusan goma sha biyu, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa taku sittin zuwa saba'in, wato mita 50. A kowane rami a rubuta abu huɗu: kaurin ƙasar sama da za a kwashe kafin a kai ga yashi, kaurin yashin, kaurin tsakuwar, da zurfin da aka tarar da ruwa ko yumɓu. Masu haƙa rijiyar fadama sun iya wannan aikin, kuma sun san ƙasar yankin fiye da yadda ake zato. Idan da hannu za a haƙa, ramin da ya wuce ƙirjin mutum a buɗa bakinsa sosai, kada a sa yaro cikin siririn rami a ƙasa mai yashi.

Wata dabarar da nake ba mutane ita ce su ɗauki hayar motar da aka yi musu tayi ta yi wannan gwajin. Da jifa ɗaya ka samu tsuntsu biyu: ka ga cikin gonar, ka kuma ga yadda motar ke aiki idan ta yi zafi, man da take sha, da inda take yoyo.

Daga kowane rami ka ɗebi yashi ka yi gwajin kwalba. Ka zuba yashi a farar kwalba ya kai santimita 10, ka ƙara ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza sosai, ka ajiye awa uku ko ya kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. Idan kaurin lakar ya wuce milimita 6 zuwa 8, wannan yashin sai an wanke kafin ya shiga kankare mai ɗaukar nauyi, kuma injiniyan da ya san aikinsa zai mayar maka da tifarka.

Yanzu sai lissafi. Misali zan ba ka, kai kuma ka sa alƙaluman da gwajinka ya nuna. Hekta uku murabba'in mita 30,000 ce. Ba duka za ka haƙa ba, domin dole ka bar tazara daga iyakar mutane, ka bar hanya, ka bar gangare, sai a ce 22,000 suka rage. Idan kaurin yashi mita biyu da rabi ne, kana da kubik mita 55,000. Cire wanda zai gauraye da ƙasa, a ce 50,000. Idan tifa tana ɗaukar kubik goma, tifa 5,000 ke nan. A tifa takwas kullum, kwana 250 a shekara, gonar za ta kai ka shekara biyu da rabi. Idan kuwa kaurin mita ɗaya ne, tifa 2,000 ce, shekara ɗaya ta ƙare. Kuɗin gonar dai ɗaya ne a wajen mai sayarwa. Ka raba kuɗin da yawan tifar da gwaji ya nuna, a nan za ka ga ko ka sayi yashi da araha ko ka sayi yumɓu da tsada.

Na taɓa zuwa wa wani bawan Allah da ya riga ya biya kuɗin gona ya kuma ci bashin mota, sannan ya kira ni in tsara masa aiki. Ramukan farko da muka haƙa kusa da tsohon raminsa sun yi kyau, amma da muka matsa kamar mita arba'in sai yashin ya siranta ya koma ƙasa da kamu biyu, daga nan sai baƙin yumɓu. Har yau ina tuna yadda ya tsaya shiru a bakin ramin. Abin da gwajin zai ci masa bai kai kuɗin tayoyin tifa ɗaya ba.

Maganar mota

Koma kan lissafin nan. Motar haƙa mai lafiya za ta iya loda tifa talatin a yini ba tare da wahala ba. Tifa 5,000 ɗin da shebur zai yi shekara biyu da rabi yana ci, ita a wata takwas za ta cinye. Mota ba ta ƙara yashi, saurin ƙare shi take ƙarawa. Saboda haka ba ta da amfani sai ga wanda ya haɗa abu uku: yashin da zai ɗauke ta shekaru, masu sayen da za su kwashe tifa talatin kullum, da hanyar da za ta jure tifa talatin kullum. Ka tambayi kanka da gaskiya, tifa takwas ɗin nan, lodi ne ya taƙaita ka ko kasuwa? Idan tifofi na yin layi suna juyawa saboda 'yan lodi sun gaji, wannan magana ce. Idan kuwa wasu ranakun 'yan lodi ne ke zaune a inuwa suna jiran tifa, mota ba za ta kawo maka mai saye ba, za dai ta riƙa shan gas da kuɗin makaniki da albashin direba ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

A sana'ar nan yawancin kuɗin da mai gini ke biya a hanya suke ƙarewa, ba a rami ba. Direban tifa zai zaɓi ramin da zai shiga ya fita da sauri ba tare da ya kafe ko ya karya sifirin ba, ko da yashin ya ɗan fi tsada. Na sha ganin wanda ya zuba marmara a mita ɗari biyar na hanyarsa, ya sa kwalbati a inda ruwa ke yankewa, ya ninka cinikinsa ba tare da ya sayi ko ƙusa ba, musamman a watan Agusta lokacin da kogi ya cika kuma ramukan wasu ba sa shiguwa. Wanda ya tara tsibin yashi a tudu tun kafin ruwa ya sauka, shi ke yanka farashi a damina.

Abin da ya fi dacewa da kai a ganina shi ne haya. Ka ɗauko mota kwana biyu ko uku a wata ta kwashe ƙasar sama, ta gyara gangare, ta tara yashi, yaranka su ci gaba da lodi. Mutum goma sha biyu ne, kowannensu da bakin da yake ciyarwa, kuma 'yan garin ne. Ranar da rigima ta taso da gari, su ne za su tsaya maka ko su juya maka baya.

Tsakuwar da kake kyautarwa

Wannan ne ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarka. Tsakuwar da ke tafiya a cikin yashi asara biyu ce: tana ɓata wa mai bulo yashinsa, kai kuma ba a biya ka kuɗinta ba. A ƙa'idar aiki, abin da ya wuce ta raga mai ido milimita 5 shi ne yashi, abin da ya tsaya a kai tsakuwa ne. Mai walda zai haɗa maka rariya a tsaye a karkace, da raga biyu ko uku, ta milimita 5, ta 20, da ta 40. Tsakuwar kogi mulmulalliya ce, ba ta kama siminti kamar fasasshen dutse, don haka kada ka yi wa mai ginin bene alƙawarin abin da ba za ta yi ba. Amma masu haƙa rijiyar burtsatse suna neman ƙananan mai tsabta don zubawa a gefen bututu, masu zuba kwankeren rijiya da masu daɓen ƙasa su ma suna saye. Faɗaɗawar da ta fi kowacce araha ke nan, kuma ba ta bukatar ko taku ɗaya na sabuwar gona.

Takardu

A'a Malam, ba su wadatar ba. Takardar dagaci da shaidar gado suna nuna gonar taka ce. Rasit ɗin ƙaramar hukuma yana nuna ka biya harajinta. Amma a tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adanai ta 2007, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ta lissafa yashi da tsakuwa da marmara cikin abin da sai da lasisi ake haƙa don sayarwa. Ofishin rajistar ma'adanai na tarayya da ke Abuja ne ke bayarwa, yanzu kuma ta intanet ake nema. Lasisin kwari, wato na haƙar dutse da yashi da tsakuwa, wanda shi ya dace da irin aikinka, na shekara biyar ne ana sabuntawa, kuma filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita biyar. Za a nemi yardar mai ƙasa a rubuce, da lambobin awon wurin, da bayanin yadda za ka kula da muhalli ka kuma gyara wurin bayan ka gama, da yarjejeniya tsakaninka da jama'ar gari. Bayan an ba ka, akwai kuɗin shekara da kason gwamnati a kan abin da ka fitar. An ƙara waɗannan kuɗaɗen a 2024, don haka ka karɓi farashin yau daga ofishin ma'adanai na tarayya da ke Kano, kada ka dogara da bakin dillali.

Abu biyu a nan sun shafi cinikin gonar kai tsaye. Na farko, wanda ya riga nema shi ake ba, kuma an yanka taswirar ƙasa gida-gida ne, kowane gida kusan hekta 20. Yana yiwuwa wani ya riga ya riƙe takarda a kan gidan da gonakinku biyu suka faɗa ba tare da kun sani ba. Ka sa safiyo ya ɗauki lambobin wurin a bincika kafin ka biya. Na biyu, dokar ta hana haƙa a gari, kasuwa da maƙabarta, da kuma cikin mita 50 daga titin gwamnati, layin dogo, madatsa ko ginin hukuma. Idan gonar maƙwabcinka ta jingina da titi ko maƙabarta, wani yanki nata ya fita daga lissafinka tun yanzu. Idan wata rana ka yi sha'awar gangarawa bakin kogi, ka sani hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya ma tana da magana a kan kogunan da ke ƙarƙashinta da gaɓarsu. Tun 2024 kuma akwai dakaru na musamman da aka kafa don kama masu haƙa ba izini. Ramin shebur na iya shekaru ba wanda ya waiwaye shi, amma ranar da mota ta shiga, kowa zai ji ƙararta.

Ka fara da ranar da za ka tashi

Duk ramin da zan tsara, daga ƙarshe nake farawa: me wurin nan zai zama idan yashi ya ƙare? Mu da muka san Kano mun san kududdufai. Ƙasar gini aka ɗiba a cikinsu tun zamanin kakanni, waɗanda suka ɗiba sun daɗe da rasuwa, ramukan kuwa suka zauna suna tara ruwa da sauro da shara, wani lokaci su ci yara. Gonar gado ce a hannunka, ba na so ta zama haka.

Ka raba filin gida huɗu ko biyar, ka riƙa cin ɗaya bayan ɗaya, ka fara daga can ƙurya kana dawowa wajen hanya, don kada tifa ta riƙa bi ta inda aka gyara. Ƙasar sama, kamar santimita 30 na farko, ita ce ran gonar. A tara ta daban, tsibin kada ya wuce mita biyu, kada a sayar da ita ga masu ciko komai tayin da suka yi. Idan gida na farko ya ƙare, a tura yumɓu da tarkacen rariya a ciki, a kwantar da gefensa, a shimfiɗa ƙasar saman, a shuka wani abu tun kana cin gida na biyu. Gyaran da aka bari sai ƙarshe ba a yin sa, domin a lokacin ciniki ya tsaya, kuɗi sun tafi. Ka riƙa cire wani abu daga kowace tifa kana ajiyewa da sunan wannan aikin.

Batun gangare kuwa, a nan rai yake. Busasshen yashi ba ya tsayuwa a tsaye, idan ka bar shi zai kwanta da kansa a kan kusurwar da ba ta wuce digiri 30 zuwa 35 ba. Mai danshi yakan tsaya kamar bango, shi ne yake yaudarar 'yan lodi su riƙa rarake gindinsa suna yin kogo don yashi ya zubo da kansa. Rana na busar da shi sai ya rufto, kuma kubik ɗaya ya haura tan ɗaya da rabi. Na taɓa isa wani rami awa guda bayan an tono wani saurayi, ba na fatan in sake ganin irin wannan ranar. Ka kafa doka: ba kogo, bangon da ake ci da shebur kada ya wuce tsayin mutum, idan zurfi ya fi haka a yi shi hawa-hawa. Duk mita ɗaya na zurfi a ba shi mita biyu na kwanciya, gefen da aka gama da shi kuma mita uku. Tifa kada ta tsaya a bakin gaɓa. Daga iyakar maƙwabta ka bar aƙalla mita goma, in ba haka ba damina biyu za ta ja gonar wani cikin raminka, ku ƙare a gaban alƙali.

Sai ruwa. Ka auna zurfinsa a ramukan gwajin sau biyu, a ƙarshen Satumba lokacin da ya fi tasowa, da kuma a Afrilu lokacin da ya fi sauka. Ni nakan so a tsaya kamar mita ɗaya sama da inda yake kaiwa a Satumba, domin a nan ne wurin zai iya komawa gona, har ma ya yi kyau da noman rani tunda ruwa ya matso kusa. Idan ka nutsa cikin ruwan kana zuƙewa da injin don ka kai ga tsakuwar ƙasa, rijiyoyin masu lambu na kusa za su iya ja baya, kuma za su san daga inda abin ya zo. Idan ka zaɓi barin tafki don kiwon kifi, to ka tsara shi tun yanzu, da shinge da gefe mai kwanciya wanda yaro ko dabba za su iya fitowa.

Ban taka gonarka ba, kuma daga nesa ba wanda zai iya gaya maka abin da ke ƙarƙashinta, ni ma haka. Maganar ingancin takardun gonar maƙwabcinka da ko akwai magada da ba su sa hannu ba, wannan aikin lauya ne da dattawan gari. Amma da ni ne a matsayinka, a watan nan zan yi gwaji a gonakin biyu in sa a bincika taswira, in haɗa rariya. Idan gwaji ya nuna yashi mai kauri mai tsabta kuma wurin ba na kowa ba ne a rajista, gonar zan saya, in sa ragowar kuɗin a lasisi da hanya, mota kuma in ci gaba da haya har sai tifofi sun fara yi min layi. Idan ka yi gwajin, ka aiko min da abin da aka rubuta a kowane rami tare da hoton kwalaben, mu zauna a kan lissafin tare.